Matuƙin da Ya Juya Baya: Tsoro Ne ko Hankali?

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya da nake so mu tauna tare. Mutum ya ɗauko jama'a a jirgin sama daga Yamai, ya kawo su har bisa garin Arlit. Ƴan uwansu na tsaye a bakin fili suna jin ƙugin jirgi. Sai ya ƙi sauka, ya juya da su Agadas. Me za ka kira wannan mutum? Matsoraci ne, ko mai hankali? Kada ka yi gaggawar amsawa.

Mutanen Arlit sun san jirgin sama tun da daɗewa. An kafa garin ne don haƙar ƙarfen uraniyom. Kamfanin Somaïr ya fara fitar da shi a 1971, na Cominak ya biyo baya a Akokan a 1978, aka rufe shi a 2021. Daga Yamai zuwa Arlit wajen kilomita 1,200 ne a mota. Shi ya sa kamfanonin suka yi ta jigilar ma'aikatansu ta sama.

To, sararin wannan ƙasa ba na wasa ba ne. In hunturu ya kama, hazo yakan rufe gari har mutum ya kasa hangen raƙumin da ke gabansa. In bazara ta shigo, zafi ya wuce awo 40. Iska kuwa in ta yi zafi ba ta da kauri, ba ta tallafar fukafukin jirgi da kyau. Dole jirgi ya yi dogon gudu kafin ya ɗaga. Don haka wata rana za ka ji matuƙi ya ce a rage kaya, ko a jira sanyin safiya. Mai kaya ya yi ta gunaguni, shi kuwa ko a jikinsa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa ga aikin nan shi ne, matuƙi ba ya bari sai ya shiga tsaka mai wuya kafin ya yi shawara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yana ƙasa yake lissafin mai kashi uku: wanda zai kai shi inda ya nufa, wanda zai kai shi wani fili in na farko ya ƙi, da kuma guzurin wajen minti 30 wanda ba a taɓawa sai ta ɓaci. Ka tuna madugun ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma. Shi ma ba ya tashi sai ya auna ruwan salka da kwanakin da ke tsakanin rijiya da rijiya.

Haka nan wajen sauka. Akwai iyaka da aka rubuta tun kafin a tashi. A filayen da ke da na'urar jagora, iyakar takan zama mita 60 bisa ƙasa. Inda babu na'urar, ta fi haka tsawo. In jirgi ya sauko har wannan iyaka matuƙi bai ga fili da idonsa ba, babu "bari in ƙara kaɗan". Sai ya ba jirgi wuta ya koma sama. Don me aka yi haka? Don an gane zuciyar ɗan Adam. Wanda ya gaji, ya ƙagu ya isa gida, ga mutane na jiransa, zuciyarsa takan yi masa ƙarya. Ta ce masa hazon ba shi da yawa. Ta ce masa ai ka saba. Saboda haka mutum mai natsuwa na safe shi ke ɗaure hannun mutum mai gajiya na maraice, alhali kuwa duk mutum ɗaya ne.

Bari in ba ka labarin ranar da gaggawa ta yi rinjaye. Ba a ƙasarmu aka yi ba. A tsibirin Tenerif ne, cikin teku yamma da Maroko, ran 27 ga Maris 1977. Manyan jirage biyu, ɗaya na Holan, ɗaya na Amurka, an karkatar da su can don wani bam ya tashi a filin da suka nufa. Suka yi ta jira. Shugaban jirgin Holan ba ƙaramin matuƙi ba ne, shi ne babban mai koyar da tuƙin irin wannan jirgi a kamfaninsu. Amma lokacin aikin da doka ta yarda masa yana ƙurewa, ga hazo ya sauko ya rufe fili. Ya ba jirginsa wuta yana zaton an ba shi izini, alhali ba a ba shi ba. Maganganun rediyo kuma suka haɗu suka toshe juna. Na ukunsu a gaban jirgi, mai kula da inji, ya tambaya ko jirgin Amurka ya kauce daga hanya. Shugaba ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce. Yaron ya yi shiru. Jirgin Amurka kuwa yana nan cikin hazo. Mutum 583 suka mutu.

Mukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Sau da yawa gaskiya ne. Amma a wannan rana yaro ne ya hango. Bayan wannan hatsari da wasu irinsa aka sake tsarin koyar da matuƙa. Aka koya wa ƙarami ya buɗe baki ya maimaita magana har a ji, aka koya wa babba ya saurara. Ni a ganina wannan ya fi koyon tuƙin kansa wuya.

Sai dai kada in yi maka wayo, maganar tana da wani gefe. Juyawa ba kyauta ba ce. Wataƙila jirgin da ya ƙi sauka a Arlit, marar lafiya ya zo ɗauka zuwa asibitin Yamai. In matuƙi ya juya, marar lafiya ya cika cikin dare, wa zai iya kallon iyalinsa ya ce an yi daidai? Kuma ga wani abu mai ciwo: wanda ya juya ba shi da shaida. Ba wanda zai taɓa sanin abin da zai faru da ya sauka. Wanda ya yi kasada ya sauka lafiya, shi ake tafa wa. Wanda ya juya, zagi yake sha.

To, ina gaskiya take? Ni dai ga inda na tsaya. Ba a auna shawara da yadda ta ƙare, ana auna ta da abin da mutum ya sani sa'ad da ya yi ta. Wanda ya sauka cikin hazo bai ga fili ba, caca ya yi da rayukan da ba nasa ba, ko da ya ci. Mutum na da ikon yin jarumtaka da ransa. Ba shi da ikon yin ta da ran matar da ke kujerar baya da goyonta, don ba ta ba shi wannan izini ba.

Rayuwar matuƙi kusan duk shiri ce don irin wannan minti guda. Kowace shekara likita ya duba idonsa da zuciyarsa. Bayan ƴan watanni a sa shi cikin wani ɗaki da aka ƙera kamar gaban jirgi, a kashe masa inji da gangan a ga abin da zai yi. Kullum shi da abokinsa su karanta jerin abubuwan dubawa ɗaya bayan ɗaya, ko da sun hardace su. In ya kai shekara 65 ya ajiye tuƙin jirgin fasinja tsakanin ƙasashe. Da yawansu su gama aiki ba wanda ya san sunansu.

Wataƙila ka ce kai ba ka taɓa shiga jirgi ba. To, amma ka shiga mota a tashar Arlit. Ka san ranar da iska ta taso da rairayi a hanyar Agadas, direba ya kauce gefe ya kashe mota ya ce sai ta lafa. Ka san muryar da ke fara tashi daga baya: "Haba direba, jiya wani ya wuce cikin wadda ta fi wannan!" Sauran fasinja su kama, har yaron mota ya sunkuyar da kai. Ranar da aka yi haka kana cikin motar, kai me ka ce?