Hakkin Mai Jinyar Wanda Gigin Tsufa Ya Kama

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci ɗan Adam da rauni, ya ba shi ƙarfi, sa'an nan ya mayar da shi ga rauni da furfura. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a cikin Suratun Nahli, aya ta 70, da Suratul Hajji, aya ta 5, Allah Maɗaukaki ya ba da labarin cewa akwai waɗanda rai zai yi musu tsawo har sanin da suka tara ya zube daga gare su. Wannan shi ne abin da Hausawa ke kira gigin tsufa ko ruɗewa. A tsofaffin unguwannin cikin birnin Kano, irin su Mandawari, inda kaka da jika da tattaɓa kunne suke kwana cikin gida ɗaya, ba a rasa gidan da ke da irin wannan dattijo. Ya ci tuwo yanzu, an jima ya ce tun jiya ba a ba shi kome ba. Ya tashi da tsakar dare yana neman takalmansa wai zai tafi kasuwar Kurmi, alhali kuwa ya bar rumfarsa shekaru da yawa. Wata tsohuwar kuma ta dubi 'yar da ta haifa ta ce mata, baiwar Allah, daga ina?

Likitoci sun tabbatar cewa wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba dabi'ar tsufa ba ce, domin ga tsofaffi nan da yawa da hankalinsu garau har ranar da aka kai su makwancinsu. Mafi yawansa shi ne irin wanda wani likitan Jamus mai suna Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, wani kuwa yakan biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma mata ne ke ɗauke da wajen kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatawa wurin jinya. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba, amma kai tsoho ga likita, ko a Asibitin Murtala ko a na Malam Aminu Kano, yana da amfani, gama wani ruɗin daga wata cuta ce dabam wadda ake iya magancewa. Saboda haka jingina abin ga sammu, ko kiran tsohuwar da ta ɓata hanya mayya har yara su bi ta da jifa, zalunci ne da ƙazafi.

Shi wanda hankalinsa ya gushe, shari'a ta sauke masa nauyi. Ba a bin sa salla, ba a tilasta masa azumi, kuma in ya zagi wani ba a rubuta masa. To, amma nauyin nan da aka sauke daga kansa, a kan wa ya faɗa? A mafi yawan gidaje ya faɗa ne a kan mace guda: ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko uwargida wadda ita ma shekaru sun cim mata, ko matar ɗa. Ita ce mai wanke shimfiɗa tun kafin asalatu, ita ce mai ɓoye wuƙa da ashana, ita ce mai sa kunne ga ƙarar sakata cikin dare kada tsoho ya fice ta zaure ya bi lungu ya faɗa Sabon Titi cikin motoci. Ta bar zuwa biki da suna, ta bar 'yar sana'arta, wani lokaci ma makarantar Islamiyya ta gagare ta. Sauran 'ya'ya kuwa, waɗanda suka yi gidaje a waje da ganuwa, sai su zo ranar Juma'a da 'yar ledar lemo, su zauna rabin sa'a, tsoho ya ce musu ba a ba shi abinci, ko an sace masa kuɗi, su tafi da zargin wadda ta kwana ba ta runtsa ba. Wannan ita ce masifar da ta fi wankin kashi ciwo.

Lalle ne a san cewa umurnin kyautata wa iyaye da ke cikin Suratul Isra'i, aya ta 23 da 24, wanda ya ambaci lokacin tsufansu musamman, bai keɓe ɗa ɗaya ya bar saura ba. Malaman Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halilu da ake karantawa a zaurukan birnin nan, sun wajabta ciyar da iyaye matalauta a kan 'ya'yansu masu hali, maza da mata, har da ciyar da mai yi musu hidima. Watau biyan wanda zai taimaka wa mai jinya da wanki da aike ba alfarma ba ce da mai kuɗin gida zai riƙa gori a kanta. Matar ɗa kuwa, mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa hidimar surukai ba ta wajaba a kanta ba. In ta yi, kyautatawa ce, sai a gode mata, kada a mai da ita baiwa.

Addini bai ƙasƙantar da wannan aiki ba. A shekara ta 2 bayan Hijira, Sayyidina Usmanu bai halarci yaƙin Badar ba saboda jinyar matarsa Nana Rukayya, 'yar Manzon Allah (S.A.W.), amma aka ba shi rabonsa na ganima, aka kuma yi masa bushara da ladan wanda ya halarta. Uwaisul Ƙarni ya zauna a Yaman yana hidimar mahaifiyarsa, bai sadu da Annabi ba, ga shi kuwa Sayyidina Umaru da kansa ya nemi ya roƙa masa gafara. Malaman fiƙihu sun ƙidaya jinyar marar lafiyar da ba shi da wani mai kula da shi cikin uzurorin da ke halatta barin sallar Juma'a. Ashe ke nan namijin da ya ce shi ba zai iya zama da mahaifinsa yini guda ba don yana da majalisa, ba shi da hujja. Tsoho namiji ma ya fi samun sutura in ɗansa namiji ne ke yi masa wanka.

Haƙuri ake ta gaya wa mai jinya, haƙurin kuwa gaskiya ne, amma wanda ya zo da kalmar haƙuri hannu rabbana bai sauke nasa nauyin ba. Jiki yana da hakki a kan mai shi, kamar yadda Salmanul Farisi ya tunatar da Abud Darda'i, Manzon Allah kuma ya gaskata shi. Mai jinya da ta gaji har ta ji ranta ya ɓaci ba ta zama mai saɓa wa iyaye ba saboda abin da ya ɗarsu a zuciyarta. Abin tsoro shi ne a bar ta ita kaɗai har gajiyar ta kai ta ga tsawa ko duka ko ɗaure tsoho a ɗaki, sa'an nan waɗanda suka gudu su ne za su fara ɗaga murya. Abin da ya kamata shi ne 'yan'uwa su zauna, gaban babban gida ko limamin unguwa, su raba kwanaki da kuɗin magani a fili, a ba ta ranakun da za ta yi barci, ta ziyarci danginta. Maƙwabta su san halin da tsohon yake ciki, har masu shago da yaran unguwa, don in sun gan shi ya nufi titi su riƙo hannunsa da ladabi su mayar da shi. A ɗinka masa 'yar takarda mai sunan unguwa da lambar waya a aljihun riga, ya fi a kwana ana cigiya a gidan rediyo. Gidan da ba shi da hali kuma, masu fitar da zakka su tuna da shi, haka ita ma Hukumar Zakka da Hubusi da aka kafa a Kano a 2003.

Saura maganar dukiya, wadda ita ce ke raba zumunci. Wanda hankalinsa ya gushe, cinikinsa da kyautarsa da sakinsa duk ba su zartuwa. Ɗan da ya lallaɓa ya sa mahaifinsa ya dangwala hannu a takardar gida ko gona, ya ci haram, ko da shaidu goma ya tara. Hanyar shari'a ita ce a je gaban alƙali ya naɗa waliyyi amintacce, wanda zai riƙe dukiyar, ya fitar mata da zakka, ya ciyar da mai ita daga cikinta, ya biya ladan mai jinya in ta nema, ya kuma rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita domin ranar da magada za su tambaya.