Mudu Ɗaya Ga Kowane Yaro

A bazarar wata shekara, ɗan yayata mai shekara bakwai ya wayi gari riƙe da kansa yana kuka. Muka kai shi wani wurin shan magani a yankinmu na Rogo. Ma'aikacin da ke aikin safe ya taɓa goshinsa, ya ce zafin rana ne, ya rubuta maganin ciwon kai, muka koma gida. Da la'asar sakaliya yaron ya fara amai, muka sake garzayawa. Wadda ta karɓi aiki ta kwantar da shi, ta tallafo ƙeyarsa tana son haɓarsa ta taɓa ƙirji, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa. Ta dubi yayata ta ce, "Maman yaro, ya yi jijjiga? Yana iya shan ruwa? Haske yana damun idonsa?" A daren ta tura mu Kano. Can aka ɗebi ruwan ƙashin bayansa, aka tabbatar sanƙarau ne. Ya rayu, amma kunnensa na hagu bai ƙara ji ba.

Na daɗe ina tambayar kaina ko an zalunce mu. Adalci ya tilasta mini in yarda cewa ciwon kan yara galibi ƙishirwa ce, ko yunwa, ko zazzaɓin cizon sauro, kuma sanƙarau yana iya tsananta cikin 'yan sa'o'i. Wataƙila da safe wuyan bai sanƙare ba tukuna. Saboda haka ban tuhumi ma'aikacin farko da kasa gano cutar ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bai gwada wuyan ba. Makomar yaro ta rataya a kan wanda sa'a ta haɗa shi da shi.

A kasuwa, duk wanda ya auna wa wani da babban mudu ya auna wa wani da ƙarami, sunansa matauyi, kuma addini ya yi masa kashedi mai tsanani. Ashe ran yaro bai fi dawa cancantar mudu ɗaya ba? Ƙasarmu tana cikin yankin da sanƙarau ke kai farmaki lokacin zafi. Annobar 1996, wadda ta girgiza Kano, ta ci rayuka fiye da dubu 11 a Nijeriya. Tun a shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da jagorar duba ƙananan yara, mai lissafa alamomin haɗari: jijjiga, yawan amai, kasa sha, dusashewar hayyaci, da sanƙarewar wuya ga mai zazzaɓi. Ba ɗaya cikinsu da ke buƙatar na'ura. Hannu da ido da haƙuri sun isa.

Sai dai yaro ba hatsi ba ne. Mutum goma suna iya haɗuwa a kan kuskure ɗaya, kuma wanda ya jingina da takarda kaɗai yakan daina kallon majiyyaci. Da za a tura duk mai ciwon kai Kano, da manoman Rogo da Ƙaraye sun ƙarar da rumbunansu a kuɗin mota, masu tsananin ciwo kuma su rasa gado.

Matsayar da na kai ita ce: tambayoyi da gwaji su zama iri ɗaya a hannun kowa, safe ko dare, ɗan mai kuɗi ko ɗan talaka. Hukunci kuwa a bar wa ilimi da gogewa, muddin an rubuta dalili domin mai karɓar aiki, an kuma gaya wa uwa alamomin da za su sa ta dawo da gaggawa. Saɓanin da ya biyo bayan bincike uzuri ne. Wanda ya biyo bayan ganganci cin amana ne.

Yaron ya girma. Har yau, idan aka kira shi, kunnen dama yake juyowa.