Tseren Motar Kara: Nasarar ta Wa Ce?

Da zarar an kammala girbi a gundumomin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, kara yakan wadata. Manya su ɗebi na darni da na dabbobi da na murhu, yara kuma su ɗebi nasu na ƙira. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ta ratsa garuruwan nan duka uku, saboda haka yaron da ya tashi a bakinta ba ya rasa abin kwaikwayo: ga manyan motocin dakon kaya, ga na fasinja, ga tankokin mai. Da ɓawon kara yake yin gangar jiki, totuwa ta zama mahaɗi, ƙayar aduwa ta maye gurbin ƙusa, tayu kuwa a yanko su daga sakaina ko tsohon silifa. Wanda ya ƙara wayo yakan koma ga gwangwani da waya, har ya kai ga ciro ɗan injin da ke cikin matacciyar rediyo mai kaset, ya haɗa shi da batir. Daga ƙarshe a ja layi a ƙasa, a jera motoci, a yi tsere.

Tambayar da wannan maƙala take son ajiyewa gaban malamai da ƙungiyoyin al'adu ita ce: idan mota ta zo ta ɗaya, nasarar ta wa ce? A ce yara uku sun shiga tsere. Na farko shi ya ƙera tasa. Na biyu wansa ne, mai koyon aiki a garejin kanikawa, ya ƙera masa. Na uku mahaifinsa ya sayo masa ta roba a kasuwar Maraɗi. Ko daidai ne a auna su da mudu ɗaya? Sannan wanda ya ci, yana da haƙƙin ɓoye dabarar da ta ba shi nasara? Mai karatu zai iya cewa wannan ai wasan yara ne. To, wasa farin girki. A irin wannan fili ne yaro yake fara gane ko cancanta ake sakawa ko aljihun uba, kuma abin da ya gane a nan da shi zai shiga ɗakin jarrabawa, da shi zai shiga kasuwa.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da ke cikin motar da ta fi gudu. Ƙira daban, gyara daban. Kowane yaro yana iya haɗa abin da ya yi kama da mota, amma sa ta tafi a miƙe, ba karkata ba kifewa, wannan sai mai haƙuri. Idan sandar tayun gaba ba ta daidaita da ta baya ba, mota za ta kauce hanya. Idan ramin da sandar ke juyawa a ciki ya matse, gudu ya ragu. Idan ya yi faɗi, tayu su yi ta rawa. Shi ya sa masu wayo suke zura sandar cikin bututun bik. Idan aka ɗora batir a sama, mota ta kife a kwana. A saukar da shi tsakanin tayu sai ta zauna daram. Siraran tayu sun fi sauri a kan daɓe, amma sukan nutse cikin rairayi. Mai ɗan inji kuma yana da nasa lissafi a kan robar da ke ɗauko juyi daga injin zuwa sandar tayu: in ta kewaye babban marfi, ƙarfin ja ya ƙaru, gudu ya ragu, in ƙarami ne, sai akasin haka. Duk wannan ta hanyar gwaji ake saninsa: a canza abu ɗaya, a ga abin da zai faru, a sake. Yaron da ya bi wannan hanya yana iya amsa tambayar "me ya sa". A ganina, wannan ita ce shaidar mallakar nasara.

Wasu al'ummomi sun riga mu cin karo da wannan tambaya, kuma abin da ya same su ya isa darasi. A Turai da Amurka da Japan akwai wasan ƙananan motocin lantarki masu bin tsaga. Akan shimfiɗa hanyar tsere ta katako ko ta roba, a yi wa kowane layi tsaga a tsakiya, da siraran ƙarafa biyu a gefenta masu ɗauke da wutar lantarki. A ƙarƙashin hancin motar akwai ɗan harshe da ke shiga tsagar, da kitsattsun wayoyi biyu da ke shafar ƙarafan su kai wuta ga injin. Direba ba ya juya sitiyari. Abin da ke hannunsa maɓalli ne na ƙara gudu ko rage shi, in ya wuce kima a kwana motar ta fice daga tsaga. Kamfanin Lionel na Amurka ya fitar da irinsu tun 1912, amma wasan ya bunƙasa ne bayan da Fred Francis ya fito da Scalextric a Ingila a 1957. Girman da aka fi sani shi ne kashi 1 cikin 32 ko 1 cikin 24 na motar gaske.

A tsakiyar shekarun 1960 an buɗe dubban gidajen wannan tsere a Amurka. Gwanaye suka daina dogara da motar kanti, suka koma ƙera tasu tun daga tushe: su lanƙwasa wayar ƙarfe, su liƙa ta da bututun tagulla da dalma, su warware wayar da ke naɗe cikin ƙananan injunan Mabuchi na Japan su sake naɗa ta don ƙarin gudu. Kafin shekarun su ƙare, akasarin gidajen sun rufe. Daga cikin dalilan da ake bayarwa har da tsadar kayan da ya zama sai da su ake cin tsere, da tazarar da ta shiga tsakanin gwanaye da yaran da ke zuwa da ƴan kuɗin aljihunsu. Wanda kullum shi ne na baya, wata rana ba zai dawo ba. Ƙungiyoyin da suka riƙe wasan har yau da ƙa'ida suka riƙe shi. Ana raba motoci aji-aji, ana duba kowace mota kafin tsere, kowane ɗan tsere sai ya zagaya dukan layukan don kada wani ya more mai sauƙi shi kaɗai, a wasu gasannin ma masu shiryawa ne ke raba wa kowa inji iri ɗaya.

Mu dawo ga yaranmu uku. Mai motar roba bai yi laifi ba, mahaifinsa ma bai yi ba. Faranta ran ɗa abin yabo ne. Sai dai in motarsa ta zo ta ɗaya, wanda ya ci tseren wani ma'aikaci ne a masana'antar da ba mu taɓa gani ba. Ranar da ta lalace kuwa, yaron zai tsaya ya zuba mata ido, domin kayan aro ba ya rufe katara. Babbar ɓarnar ma a kan sauran yara take faɗawa: in suka ga mako guda na gwaji bai kai darajar ƴan kuɗin da aka miƙa a kanti ba, sai su jefar da kara su koma roƙon iyaye. Adalci a nan shi ne a raba aji, na saye daban, na ƙira daban, kuma kyauta ta tafi ga ƙira.

Batun yaro na biyu ya fi wuya, domin babu sana'ar da ake koya ba da hannun wani ba. Ɗan maƙeri da zuga-zugi yake farawa a gaban mahaifinsa, ɗan dukawa ma haka. In muka haramta taimako, mun haramta koyo. Amma hannun babba iri biyu ne: akwai mai nunawa ya janye, akwai mai karɓe aikin ya gama. Wan da ya ce wa ƙanensa "duba sandar bayan nan, ta karkace" ya ƙara masa ido. Wanda ya ce "kawo nan" ya ba shi mota, ya hana shi sani. Malami ba ya bukatar bincike a gidajen mutane kafin ya bambance su. Ya isa ya cire taya ɗaya, ya miƙa wa yaron ya mayar, ya tambaye shi dalilin da ya sa batir yake inda yake. Iyaye da malamai su lura cewa wannan ma'auni bai tsaya ga mota ba. Haka yake ga aikin gida da ake ba ɗalibi ya dawo da shi da rubutun wani.

Saura batun asiri. Al'adarmu tana girmama sirrin sana'a, kuma da hujjarta: wanda ya sha wahala ya gano abu, in aka tilasta masa ya bayyana, kamar an ƙwace masa guminsa ne, gobe kuma ba zai sake wahalar nema ba. Wannan magana tana da nauyi a kasuwa, inda asiri yake ciyar da iyali. Amma filin makaranta an kafa shi ne domin sani ya yaɗu. Kuma in aka duba da kyau, babu yaron da ya ƙago motarsa daga babu. Bututun bik a wurin wani ya gani, yankan silifa ma gado ne. Wanda ya ɗiba daga rumbun kowa, akwai bashi a kansa. Hanyar da ta kiyaye haƙƙin ɓangarorin biyu ita ce: kafin tsere asirinka naka ne, bayan tsere kuma a ajiye motar da ta ci a tsakiya, mai ita ya yi bayani da bakinsa, a riƙa kiran dabarar da sunansa. Ya samu girma, saura sun samu ilimi, shi kuma dole ya sake tunani kafin tsere na gaba.

Mutanen wannan yanki sun ga amfanin irin haka a gonakinsu. Sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona a riƙa gyara shi har ya zama itace, ya fara yaɗuwa a jahar Maraɗi a shekarun 1980, kuma ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agiye yana cikin waɗanda suka yi suna da shi. Dabarar ta bazu ne domin a fili take: manomi ya gani a gonar maƙwabci, ya tambaya, ya gwada. Da kowa ya ɓoye tasa, da gonakin ba su sake yin inuwa ba.

Akwai masu kare wannan wasa da cewa daga cikinsa injiniyoyi za su fito, su kawo misalin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya zana samfurin motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a 2007. Abin alfahari ne, amma hujjar ta yi ƙunci. Yawancin yaran Gazawa da Gidan Rumji manoma za su zama, ko ƴan kasuwa, ko malamai, ko masu gari, kuma kowanensu yana bukatar abin da gyaran mota ke koyarwa: kada ka ɗora wa sa'a laifin sandar da ka karkatar, kada ka karɓi yabo a kan aikin da ba naka ba, in an fi ka ka je ka duba dalili.

Akwai kuma haɗarin da ya kamata malamai su kiyaye. Daɗin wannan wasa shi ne na yara ne, ba mai ba su maki. In aka shigar da shi cikin darasin ayyukan hannu da ake kira APP, aka zana wa kowa samfuri ɗaya a allo, to an kashe gwajin da ake son rayawa. Aikin babba kaɗan ne: ya ware fili, ya tanadi tulin kaya iri ɗaya da kowa zai ɗiba, ya tsare ƙa'ida, ya kula da reza da almakashi a hannun ƙanana, ya hana su fasa tsohon batir ko jefa shi a wuta. Ya kuma buɗe wa ƴan mata ƙofa, domin hannun da ya iya saƙa faifai ba zai kasa daidaita taya ba.

Ƙungiyar da ke shirin makon al'adu, ko makarantar da ke shirin bukin ƙarshen shekara, tana iya gwada wannan ba tare da kashe kuɗi ba, tunda kara da gwangwani ba su da tsada. Abin da za ta yi wa tanadi tun da wuri shi ne ƙa'idoji uku: kaya iri ɗaya, aikin hannun mai mota, da bayani a gaban kowa bayan an gama. In aka tsare su, yaron da ya zo na ɗaya zai karɓi kyautarsa ba da kunya ba, na ƙarshe kuma zai koma gida da abin da zai gyara. Allah ya raya mana zuriya, ya sa albarka a hannuwansu.