Nasarar Tsere: Ta Direba Ce Ko Ta Mota?

Masu kallon tseren motoci na Formula 1 sun daɗe suna gardama kan wanda ya cancanci yabo. Lewis Hamilton ya lashe kambun duniya sau bakwai, shida da motar Mercedes, don haka wasu ke cewa injiniyoyi ne suka ci masa.

Tambayar tsohuwa ce a ilimin tauhidi: mene ne rabon bawa a aikinsa? Malaman Ash'ariyya sun ce Allah ke halittar aiki, bawa kuma yana da kasabi, wanda a kansa ake yi masa hisabi. Misali, manomin shinkafa a Kura ko Bunkure ba shi ya gina madatsar Tiga da ke ba shi ruwa ba, amma shi ake zargi idan ya bar ruwa ya wuce gonarsa. Haka ma a tsere, direba na da nasa rabon: Valtteri Bottas ya tuƙa irin motar Hamilton daga 2017 zuwa 2021, amma bai ɗauki kambun ko sau ɗaya ba.