Haƙuri da Gaggawa a Gyaran Haƙora

Wanda aka ɗaura wa wayar gyaran haƙora yakan yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu da ita a baki, wani ma har ya zarce. Shi ya sa tambayarsa ta farko ga likita ita ce, yaushe za a cire? Wasu suna ɗaukar wannan tambaya rashin haƙuri, su ce gaggawa aikin Shaiɗan ce. A ganina sun yi wa haƙuri gurguwar fahimta. Addini bai mai da daɗewa cikin wahala ibada ba matuƙar akwai halastacciyar mafita, hasali ma umarni ya yi da neman magani. Ita kanta daɗewar tana da illa: abinci ya maƙale a gindin ƙarfe, farin tabo ya fito a jikin haƙori, dasashi ya kumbura, saiwa ta zaizaye. Mai son a gama da wuri yana da hujja.

Inda haƙuri ya zama dole shi ne wajen ƙashi. Idan waya ta matsa, wasu ƙwayoyin halitta suna cinye ƙashin da ke gaban haƙorin, wasu suna gina sabo a bayansa, tafiyar kuwa kimanin milimita 1 ce a wata. Da likita zai ƙara matsi fiye da kima, jini zai yanke a siririn naman da ke riƙe da saiwa, motsin ya tsaya cik. Wannan ƙa'ida ce da Allah ya ɗora jiki a kanta, kuma duk saurin da ya inganta ta cikinta ya bi. A 1959 Heinrich Köle ya bayyana dabarar tsaga fuskar ƙashin muƙamuƙi, a 2001 kuma 'yan'uwa biyu, Wilcko, suka farfaɗo da ita a Amurka. Raunin yana zaburar da ƙashi ya sabunta kansa da sauri, amma na 'yan watanni kawai, kuma sai an sha tiyata. Na'urar da ake cizawa tana girgiza haƙora kuwa, gwaje-gwaje ba su tabbatar da amfaninta ba, ga shi ita ce mai daɗin karɓa tunda ba jini ba zafi.

Za a ce ai bakin majinyacin ne, kuɗinsa ne, a bar shi ya zaɓa. Jiki dai amana ne, kuma wanda aka ɓoye wa raunin hujja ba zaɓi ya yi ba, talla ce ta ci shi. Nauyi yana kan likita ya faɗa masa abin da aka tabbatar da wanda ba a tabbatar ba, sannan ya tuna masa cewa watanni da yawa a hannunsa suke salwanta: saɓa ranar ganin likita, ƙin sa robar da aka ba shi, da tauna abu mai tauri har ƙarfe ya ɓalle.