Mai Dam da Maƙwabcinsa na Gangare

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:8, Fitowa 21:28-34, Luka 13:1-5

Duk wanda ya taɓa zama a Ojoo, ƙofar Ibadan ta wajen Arewa inda direbobin tirela suke sauke gajiya, ya san garin tudu da kwari ne. Ruwan da ya sauka a kan tudu ba ya kwana a wurin, sai ya bi rafuffuka ya nemi kogin Ogunpa ko na Ona. Ran Jumma'a, 26 ga Agusta 2011, da yamma, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ma'aunin cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda ba ta da nisa da Ojoo, ya nuna milimita 187.5 cikin 'yan sa'o'i. Ona ya cika ya batse, hanyar fitar ruwa ta madatsar Eleyele, wadda aka gina a 1942, ta lalace, gadar Apete ta karye, mutane fiye da 100 suka rasa rayukansu. Dattawan Sabo da suka ga ambaliyar Ogunpa ta 31 ga Agusta 1980 ba su bukaci a yi musu bayani ba.

Eleyele ta gwamnati ce. Tana da injiniyoyi, kuma da ta lalace an samu mai gyara: a 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 don maganin ambaliya a Ibadan, gyaran madatsar yana ciki. Waɗanda ba su da mai kula su ne ƙananan madatsun ƙasa da ba a jin sunansu a rediyo. Mutum ya sayi fili a bayan gari inda rafi ya ratsa, ya ɗauko katafila ta tura ƙasa ta tare rafin, ya zuba 'ya'yan tarwada, ko ya ja ruwa zuwa lambunsa da kajinsa. Sana'a ce ta halal, masu bi da dama suna ciyar da iyali da ita, suna fitar da zakka daga cikinta. Sai dai gari yana bin su a baya. Inda jiya daji ne, yau gidajen haya ne a gangaren rafin, da yara kwance a tabarma.

Ruwa yana da nauyin da ido ba ya gani. Tafkin da faɗinsa ya kai eka biyu da rabi, zurfinsa mita biyu, yana riƙe da tan 20,000 na ruwa. Idan tirela tana ɗaukar tan 30, lodin tirela fiye da 600 ke nan. Mutumin Ojoo ya san yadda ƙasa take rawa idan guda ɗaya ta wuce. To, ga ɗari shida an jingina su da tarin ƙasa, a saman gidan wani.

Shari'ar Musa ta san irin wannan hali. Isra'ilawa suna shan iska a kan soro, saboda haka aka umarci mai gina sabon gida ya kewaye soronsa da rawani, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau gidan. Mai gida ya san inda bakin soronsa yake. An yi rawanin domin baƙo ne da yaro. A Fitowa kuwa an bambanta abu biyu. Idan sa ya soke mutum ba zato, mai san ba shi da laifi. Amma idan an san san da suka, an kuma gargaɗi mai shi bai tsare shi ba, to, ransa ne a bakin shari'a. Dabba ɗaya ce, gawa ɗaya ce, abin da ya sauya hukunci shi ne sani. Madatsar ƙasa kuwa ba ta cika karyewa ba tare da ta yi gargaɗi ba.

Hanyoyin mutuwarta biyu ne sanannu. Na farko, ruwa ya hau ta kanta. Siminti yana iya jure wannan, ƙasa ba ta iyawa: ruwan yakan fara zaizayar bayanta, ya yanka kwazazzabo, kafin gari ya waye babu ita. Abin da ke hana haka shi ne mafitar rarar ruwa, wato hanya mai faɗi a gefe, ƙasa da kan madatsar, wadda ruwan da ya yi yawa zai bi ya wuce. A nan ne kwaɗayi yake shiga. Mai kifi yana tsoron kifinsa ya gudu, sai ya ɗaura raga a bakin mafitar, ko ya jera buhunan yashi don tafkin ya ƙara cika. Ranar ruwa mai ƙarfi ciyayi da leda suka toshe ragar, mafita ta zama bango. Masu kuɗin da suka mallaki madatsar South Fork a Amurka domin kamun kifin nishaɗi haka suka yi, suka kuma rage tsayinta don keken doki ya samu hanya. Ran 31 ga Mayu 1889 ta karye a kan garin Johnstown, mutum 2,209 suka mutu.

Na biyu ya fi ɓoyuwa: ruwa ya huda ta ciki. Kowace madatsar ƙasa tana ɗan tsatsafo, wannan ba abin tsoro ba ne muddin ruwan garau yake kuma ba ya ƙaruwa. Ranar da ya fara fitowa da launin laka, madatsar ce take fita kaɗan kaɗan. Ramin gafiya, gidan gara, saiwar itacen da aka bari ya girma a jikinta sannan ya mutu ya ruɓe, bututun da aka binne ba a daddaɓe ƙasar kewayensa ba, duk ƙofofi ne. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Shi ya sa masana suke cewa a gina ta da yumɓu hawa hawa, ana jiƙawa ana daddaɓewa, a rufe ta da gajeriyar ciyawa, kada a bar itace ko ɗaya a kanta.

Kada wani ya ce wannan zunubin 'yan duniya ne kawai. A jihar Jojiya ta Amurka akwai makarantar Littafi Mai Tsarki ta Toccoa Falls. Sama da ita akwai tsohuwar madatsar ƙasa mallakar makarantar, mai suna Kelly Barnes, wadda a dā take ba su lantarki, daga baya ta zama wurin shaƙatawa, itatuwa suka rufe jikinta. Bayan kwanaki ana ruwa, da misalin ƙarfe 1:30 na daren Lahadi 6 ga Nuwamba 1977, ta karye. Mutum 39 suka mutu, da yawansu yara ne, 'ya'yan ɗaliban da suka bar ayyukansu suka zo koyon aikin bishara. Mutane ne masu addu'a. Addu'arsu kuwa ba ta sare itatuwan ba, domin wannan aikin an ba hannu da gatari ne. Bayan haka Shugaba Jimmy Carter ya sa aka binciki madatsu kusan 9,000 waɗanda ba na gwamnatin tarayya ba, aka tarar wajen kashi ɗaya cikin uku ba su da lafiya. Jojiya ta kafa dokar tsaron madatsu a 1978. Kowace gunduma ko makarantar ikkilisiya mai gona da tafki ya kamata ta karanta wannan labari a taron dattawa.

A Nijeriya ma ba a rasa doka ba. Akwai dokar albarkatun ruwa ta 1993, akwai ƙa'idojin madatsu da tafkuna da hukumar NESREA ta fitar a 2014, akwai hukumar raya kogunan Ogun da Osun mai hedkwata a Abeokuta, akwai injiniyoyi masu rajistar COREN. Amma ma'aikaci ba zai iya bin kowane rafi ba, kuma kowa ya san yadda ambulan yake gajarta bincike. Mai bi da ya sayi takarda bai sayi kome ba, domin ruwa ba ya karatu. A Solai ta ƙasar Kenya, madatsar wata gona mai zaman kanta ta fashe ran 9 ga Mayu 2018, ta kashe mutane fiye da 40, sai a lokacin hukumar ruwa ta ce ba ta da izini. Kuɗin injiniya yana da zafi, gaskiya ne, amma ya fi diyya sauƙi, diyya kuwa ba ta tayar da matacce.

Idan abin ya faru, bakin kowa yakan ce ikon Allah ne. Ruwan sama ikon Allah ne, babu musu. Ragar da aka ɗaura a mafita kuwa hannun mutum ne ya ɗaura ta. Sa'ad da aka yi zancen mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, Yesu ya ƙi yarda a ce sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya juya maganar kan masu rai, ya kira su ga tuba. Iyalin da suka kama ɗaki a bakin rafi ba zunubi ne ya kai su ba, arhar haya ce. Tuban mai madatsa kuma ba ya ƙarewa a gaban bagade. Zai sauka gangare ya ƙirga gidajen da ke ƙasa da shi, Kirista da Musulmi, Bahaushe da Bayarabe, ya gaya musu abin da ke samansu, ya karɓi lambobin wayarsu, su san tudun da za su nufa idan ya kira su da tsakar dare. Su ma suna da bakin magana: wanda ya ga ruwa mai laka yana ɓulɓulowa a gindin madatsa ya faɗa wa mai ita, in ya ƙi ji a kai wa dattawa, in ya ƙi dattawa a kai wa hukuma. Wannan ba tsegumi ba ne.

Lokacin gyara shi ne rani, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ja baya, tsaga da rami suka fito fili. Da damina kuwa a zagaya ta bayan kowane ruwa mai ƙarfi, a rage tafkin tun kafin ya cika. Mutanen Ibadan sun saba cewa ruwa yakan ɗan tsagaita a watan Agusta, masu kifi da yawa kuma sukan saki jiki a lokacin. Ambaliyar 1980 da ta 2011 duka a makon ƙarshe na Agusta suka zo.