Dariya Halal Ce, Amma A Wane Teburi?

  

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, tambaya ta iso mana daga wani ɗanmu da ke neman halalinsa a birnin Niyok na Amurka. Abokan aikinsa suna gayyatarsa fitar dare zuwa gidan barkwanci, inda mutum guda kan tsaya gaban jama'a yana ba su dariya, su kuwa suna zaune ana kai musu abin sha. Ya ce shi lemo kaɗai zai sha. Shin ya halatta?

Dariyar kanta ba mu da ja a kanta. Aya ta 43 ta Suratun Najmi ta nuna cewa Allah ne Mai sa dariya da kuka, kuma Manzon Allah (SAW) yakan yi raha, sai dai ba ya faɗin komai sai gaskiya. Iyakokin sanannu ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito narko a kan mai shara ƙarya don mutane su yi dariya. Suratul Hujurati, aya ta 11, ta hana izgili ga juna. Waɗanda kuma suka yi ba'a da addini a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, suka ce wasa suke yi, Suratut Tauba aya ta 65 da ta 66 ba ta karɓi uzurinsu ba. Mai shiga irin wannan gida bai san abin da za a faɗa ba sai ya riga ya zauna.

Amma babbar matsalar tana kan teburi. Da yawa daga gidajen nan, bayan kuɗin shiga, sai sun wajabta wa kowane mai kallo sayen abin sha sau biyu. Ashe barkwancin kiran ciniki ne. Abin da aka fi sayarwa kuwa shi ne haɗin da suke kira koktel: a ɗauko barasa mai ƙarfi, wadda kusan kashi 40 cikin 100 nata sinadarin maye ne, a gauraya ta da ruwan ƴaƴan itace da sukari da ƙanƙara, ɗacin ya ɓuya, a ba ta suna mai daɗi. Canza mata suna bai canza hukuncin Suratul Ma'ida aya ta 90 ba, kuma hadisin Jabir ya nuna abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

To mai lemo fa? Tirmizi ya ruwaito, shi ma daga Jabir, hani ga wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Ba a ce sai ya sha ba. Zaman ne aka hana. Amsarmu ke nan ga ɗanmu: ya ba abokansa haƙuri cikin ladabi, ya gayyace su cin abinci inda babu kwalba. Hukuncin nan kuma bai tsaya a Amurka ba, ya shafi mashaya ko otal a Yamai ko Maraɗi.

Saura magana ga iyaye, domin mun san wasu har sun fara tsinuwa. Buhari ya ruwaito daga Sayyadina Umar labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, ana yi masa laƙabi da Himar, wanda yakan ba Annabi (SAW) dariya. An sha kawo shi saboda shan giya, aka yi masa bulala. Wata rana wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Ga barkwanci ga giya a jikin mutum ɗaya, an hukunta shi, amma ba a kore shi ba. Wanda ya ji labarin ɗansa ya fara zuwa irin waɗannan wurare, ya kira shi a waya, ya fara da tambayar lafiyarsa da sallarsa kafin ya kai ga faɗa.